Waƙar Da Na Sato A Bayan Shingen Tuat

Jikata Gam ta zo hannunmu tana 'yar shekara tara, da jakar goyo mai hoton kyanwa, da harshen Kudu cike da bakinta. Ubanta ɗana ne na biyu. Tun kafin a haife ta ya gangara can yana aiki a kamfanin takalma, da hidima ta yi musu yawa shi da matarsa sai suka haɗa ta da wata mai zuwa gida, aka ɗoro su a jirgin ƙasa, aka sauke mana ita a Ben Dau. Ranar da ta iso na zuba mata miyar ƙaguwa, ta kurɓa, ta ɗago kai ta ce, "Kaka, ina sukari?" Maƙwabciyata Suu tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Kafin agwagi su dawo daga kogi, duk garin ya ji cewa jikar Mui sukari take zuba wa miya.

Daga ranar sunanta ya ɓace. 'Yar Kudu, zo ki karɓi saƙo. 'Yar Kudu, matsa mu wuce. Yara su kwaikwayi maganarta a makaranta, manya su sa ta maimaita kalma don su samu na dariya. Ba ta kuka, sai dai ta zagaya bayan gida ta zauna wajen agwagi. Shekara biyu ana haka. Wata rana ina taje mata kai ta ce, "Kaka, a can 'yar Arewa suke ce mini, a nan kuma 'yar Kudu. To ni 'yar ina ce?" Sai na ce ta daina motsa kai.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne yarinyar tana da murya. Na kama ta ne tana wanke shinkafa a gindin randa, tana rera wata waƙa da sau biyu kacal ta ji a bakina. Murya ce mai kauri, tana gangarowa a hankali kamar zuma daga ludayi, kuma in ta shiga waƙa ko ƙurar Kudu ba ka ji a harshenta. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ruwan shinkafar ya malale.

A wajenmu kuwa, in ana son a san kai ɗan gida ne, ba takardar haihuwa ake tambaya ba, kwan ho ake tambaya. Waƙa ce ta ba-ni-in-ba-ka. Mata biyu su jefa, maza biyu su amsa da kari iri ɗaya amma kalmomi daban, ba ganga ba sarewa, murya tsagwaronta. Mu mutanen Ben Dau mun san a cikin kwalekwale aka haife ta, a mashigar garinmu. Mutanen Go Sim, da ke kan tudu a ƙetaren kogi, sun ce a gindin ceɗiyarsu aka haife ta. Ƙarya suke yi, amma sun daɗe suna yin ta har sun yarda da abarsu.

Duk shekara bayan bikin sabuwar shekara gunduma tana shirya gasar yara. Wanda ya ci a ba shi jar tuta da fanka. Shekara shida a jere tuta tana Go Sim, fanka shida ke nan, ban san me suke yi da iska haka ba, su da ke kan tudu. Kuma ba don yaransu sun fi namu murya ba ne. Saboda Tuat ne.

Ni da Tuat muna karawa tun haƙoranmu ba su yi ja da ganyen tirau ba, wanda muke taunawa kamar goro. A wajenmu kowace shekara da sunan dabbarta: ni a shekarar akuya aka haife ni, ita a shekarar kare. Takan ce duk inda na bi a duba shuka. Nakan ce ita ba ta haushi sai cizo. Amma gaskiya gaskiya ce, matar ta iya ƙera kari. Kowace shekara sai ta ƙirƙiro sabuwar waƙa ta ɓoye ta, ɓoyayyiya muke ce mata, sai a zagayen ƙarshe yaranta su jefo ta, namu su tsaya baki buɗe kamar kifi a kwando. Ƙa'idar ita ce, in aka jefa maka ka kasa, wanda ya jefa shi zai amsa kayansa da kansa, don a tabbatar waƙar tasa ce. In ya amsa, ya ci. Kuma waƙar da aka rera sau ɗaya ba a sake jefa ta a ranar. Mai ƙera mana kari a Ben Dau ya rasu da daɗewa. Ni na iya rerawa, na iya koyarwa, amma ƙira ba a ba ni ba.

A wannan shekarar malamar makaranta ta zaɓi Gam da Nu, 'yar mai awara, su tsaya wa garinmu. Ranar da labari ya fita na je ɗibar ruwa na tarar da Suu tana cewa, "'Yar Kudu ce za ta wakilci Ben Dau? To a haɗa mata da gwangwanin sukari." A raina na rantse da kabarin uwata cewa tutar nan a hannun Gam za ta ƙetaro kogi, in ga bakin da zai sake kiranta da wannan suna.

Sai na gaya muku halin mijina Khoat, don da shi a cikin maganar. Kunnensa ɗaya ya mutu, ɗayan kuma ba ya mutuwa sai ina magana. Da ƙuruciya mawaƙi ne na gaske, amma yanzu waƙa ɗaya ta rage a bakinsa, ta neman afuwa. Tsohuwar waƙa ce da mutanen dauri suke yi in an ƙure su a fili. An fi shekara arba'in ba a ji ta a wurin gasa ba, domin wa zai yarda an ƙure shi, a Ben Dau ko a Go Sim? Shi Khoat sai ya mai da ita ta ɗakin girki. In na ce, "Wa ya shanye giyar shinkafar da na ajiye wa kakanni?" sai ya miƙe, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya ja da baya taku uku inda tsintsiya ba ta kaiwa, ya sosa bayan kunne, ya ɗauka:

*Yaya, kwalekwalena ƙarami, koginki ya kawo,*
*Na taho da baki, na baro amsa a gida.*
*Ki yi mini haƙuri har ruwa ya janye,*
*In zo ƙofarki, in zauna ƙasa, ki koya mini.*

Gam takan yi ta dariya har da riƙe ciki. A rana ba ya kasa yin ta sau biyu, don laifinsa ba ya ƙarewa.

Saura wata guda a yi gasa na yanke shawara. Na ciro tsofaffin kayan gona, na ɗaure fuska da ƙyalle kamar yadda kowace mace ke yi saboda rana, na kifa hula har hanci, na saɓa sanda da kwanduna biyu, na fito a matsayin mai sayen gashin agwagwa. Mai fito ya dube ni sama da ƙasa.

"Iya Mui, yaushe kika fara wannan sana'ar?"

"Ba ni ba ce."

"To," in ji shi, "ba ke ba ce. Ki dai zauna a tsakiya, kada wadda ba ke ba ta faɗa ruwa."

Gidan Tuat yana ƙarshen gari, shinge ya kewaye shi, ayaba ta yi duhu a bayansa. Na isa da tsakar rana, lokacin da kowa ya miƙe ƙafa. Na tsuguna. Ashe matar nan a cikin manyan randuna take sa yara su cusa kai su yi waƙa, don kada sauti ya fita. Jikanta Kien da abokinsa ne, ban ga komai nasu ba sai ɗuwawu. Abin da na ji bai wuce kukan zuma a cikin gora ba. Tururuwa ta hau ni, gwiwoyina suka riƙe, tari ya turnuƙe ni na danne shi a ƙyalle. Karenta ya yi haushi sau biyu, aka tsawata masa. Na koma gida da cizo fal ƙafa, ba waƙa ba gashin agwagwa.

Kashegari sa'a ta buɗe. Na tarar an ɗaure kare can gaban gida. Na ji Tuat tana cewa da ƙarfi, "Ku fito daga randunan nan kada ku dahu, ku zo nan inuwar shinge!" Ga kuma wata 'yar kujera an yar da ita a gindin ayaba, daidai inda na tsuguna jiya. Na ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Na zauna, na baza kunne.

Rana ta uku har da butar shayi a kan kujerar, da ɗuminta, da ɗan kofi. Na ce wani mai aikin gona ne ya manta, kuma zunubi ne a bar shayi ya huce. Ina kurɓa ina ji Tuat tana cewa, "Kien, sake wannan gaɓar. A hankali, yadda ko tsohuwar akuya za ta iya riƙewa." Na ce a raina, ji matar nan, ko ba na nan sai ta zage ni.

Waƙar kuwa, kai! A kan wata balbela ce da ta tsaya da ƙafa ɗaya a mashigi tana jiran wanda ya ce zai dawo da fiton yamma. Karin yana hawa yana hawa, sai a tsakiya ya karye kamar ƙafar da ta kuskure matakala, ya sake tashi ta wani gefen. Na haddace ta tsaf. Amma jifar kaɗai suke maimaitawa a bakin shinge, amsar ko sau ɗaya ban ji ba. Na yi kwana bakwai ina ƙoƙarin ɗinka mata amsa da kaina, duk kalmar da na sa sai ta zame a wurin karyewar nan.

Sai dabara ta faɗo mini. Na same Khoat yana gyaran kejin tsuntsu, na tsaya ta ɓangaren kunnen da ke aiki.

"Mata ne ke fara jifa, ko ba haka ba? To yaranmu za su riga su jefa ɓoyayyiyar tasu. Dole 'yan Go Sim su amsa, waƙarsu ce. Shi ke nan ta ƙone, ba su da wani makami. A tashi canjaras, alƙalai su koma duba murya. Wa ya kai Gam murya?"

"In suka ce ba su iya ba fa?"

"Ɗan Go Sim ya ce bai iya ba? A bainar jama'a? Waƙar kakarsa? Ai gara ya haɗiye ƙayar kifi."

"Ni dai na ce ina amsar."

"Ni kuma na ce ina soyayyiyar awarar da na rufe da safe?"

Ya miƙe, ya ja da baya taku uku.

Da na fara koya wa yaran, Nu ba ta tambayi komai ba, yarinya ce mai bin umarni. Gam ce ta ƙura mini ido.

"Kaka, a ina kika samo wannan?"

"Kakata ce ta zo mini da ita a mafarki."

"Ba ta ba ki amsar ba?"

"Tana shirin ba ni zakara ya yi cara. Ke dai buɗe baki, ba za ki buƙace ta ba."

Ranar gasa aka tashi da yayyafi, irin mai jiƙa mutum bai sani ba. An kafa rumfa a farfajiyar zauren gari, jama'ar garuruwa tara sun cika wurin, masu sayar da rake da masu gasa masara sun kewaye. Na sa wa Gam riguna uku a jere, kowace launinta na leƙowa ta wuyan 'yar'uwarta, na ɗaura mata baƙin kallabi, na ba ta faffaɗar hular nan mai kama da faifai wadda na riƙe a nawa zamanin. Ina gyara mata ɗamara sai ga Tuat. Mu mawaƙa ba ma ce wa juna sai Yaya, kowa kuma ya kira kansa ƙane, ko da kuwa ji yake kamar ya shaƙe ɗan'uwansa.

"Yaya Mui, ƙanwarki tana gaisuwa. Ya tarin?"

"Da sauƙi, Yaya Tuat. Ƙanwarki ta gode."

"Ki riƙa shan shayi mai ɗumi da tsakar rana, yana magani." Ta miƙo mini tirau a naɗe. "Na ji an ce gashin agwagwa ya yi wuya bana."

"Ban sani ba, Yaya. Ba harkata ba ce."

"Haka ne. Ina ke ina wannan wahala."

Na karɓi tirau ɗin, na koma gyara wa Gam ɗamara.

Aka yi ta fafatawa, garuruwa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka zo inda kowa ya san za a zo: Gam da Nu a wannan gefe, Kien da abokinsa a wancan. Alƙalai biyu ne masu magana, wani matashi daga ofishin gunduma mai riƙe da takardu, da tsoho Luu, mawaƙin da ya haura tamanin, wanda ake zuwa da shi don a ce an zo da shi. Jifa biyu-biyu aka yi, kowa ya amsa. Sai na uku.

Gam ta ɗaga kai ta saki balbelar nan. Nu ta bi ta a ƙasa-ƙasa kamar inuwa. Wurin ya yi tsit, har masu rake suka daina sara. Da ta zo wurin karyewar ta sauka a kai lafiya lau ta tashi, na ji tsigar jikina ta miƙe. Ɓangaren Go Sim aka fara ƙus-ƙus. Na saci kallon Tuat don in ga yadda fuskarta za ta zube. Tana zaune abinta tana tauna, kamar saniya a inuwa.

Kien ya matso gaba. Leɓensa na rawa, yana cije dariya. Ya rusuna har ƙasa.

"Yayyenmu, wannan ta fi ƙarfin ƙannenku. Ba mu iya ba. Ku taimaka ku amsa mu ji, ko ma ƙaru."

Ɗan Go Sim. A bainar jama'a. Na ji kamar an janye tabarma daga ƙarƙashina. Kujerar nan, da shayin nan, da karen da aka ɗaure, duk suka taso suka tsaya a gabana suna kallona.

Matashin alƙali ya ce, "To, 'yan Ben Dau, ku amsa kayanku."

Nu ta fara shessheƙa. Gam ta juyo ta neme ni a cikin jama'a, ta same ni, ni kuwa na sami abin kallo a takalmina. Daga can ɓangaren tudu wani ya ɗaga murya, "Akuya ta ci rabin shuka ta bar rabi!" Aka fashe da dariya. A bayana kuma na ji Suu tana cewa, "Ai dama. An ɗauko bare an sa a gaba, yau ga Ben Dau a ƙasa." Ni na yi sata, amma yarinyar da ke tsaye a kan dandamali ita za ta sha kunyar, kuma a garinmu irin wannan ba ya wankuwa. Sai ta tsufa ana cewa 'yar Kudun nan da ta zubar mana da mutunci.

Gam ta sauke hular ta rungume ta a ƙirji da hannu biyu. Ba ta fuskanci yaran ba. Yarinyar ba wawuya ba ce, tun tana rerawa ta ga leɓen Kien yana bin waƙar kalma da kalma. Ta juya sosai ta fuskanci Tuat. Ta ja da baya taku uku. Ta sosa bayan kunne.

Duk ɗan Ben Dau ya san mai wannan susar. Dariya ta ɓarke a ɓangarenmu, ita kuwa a zatonta haka ake yin waƙar, da takun da susar duka. Ta ɗauka:

*Yaya, kwalekwalena ƙarami, koginki ya kawo...*

Khoat ya zabura ya miƙe tsaye. "Tawa ce! Wannan kam tawa ce, ba ta sata ba ce!" Na jawo shi ta wando ya zauna.

Kafin ta kai layi na biyu dariyar ta mutu. Ni da nake jin waƙar nan kullum tsakanin tukunya da tsintsiya, ban taɓa sanin haka take ba. Nu ta share hawaye ta kama mata a ƙasa, don ita ma ta sha jin ta a gidanmu. Da suka kai *in zauna ƙasa, ki koya mini*, Gam ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen katako da rigunanta uku, ta sunkuyar da kai. Tsofaffin da ke wurin babu wanda ya motsa.

Matashin alƙali yana ta juya takardu. "Wannan ba ta cikin jerin waƙoƙin da aka amince da su."

Tsoho Luu ya ɗora hannu a kan takardun. Idonsa ya cika. "Ɗana, tun ba a haifi mai rubuta jerin ba take nan. Rabona da jin ta a fili tun ina da gashi." Ya juya ga jama'a. "Maki ya tafi, wannan babu gardama, Go Sim ta ci. Amma wanda aka yi wa wannan waƙa ba shi da ikon ƙi. Kafin wata ya mutu sai ya buɗe ƙofa, ya yi yanka, ya ciyar, ya koyar da amsar da bakinsa. Tuat, ke aka roƙa."

Taunar Tuat ta tsaya cak. Ta haƙa rami don akuya, ga shi ƙafarta ta zurma. Ɓoyayyiyar da ta yi wata shida tana ƙerawa za ta ƙetare kogi da amsarta, kuma duk Go Sim an san abin yanka ɗaya gare ta, wani ƙaton zakara da take kiwo shekara biyu, tana ba shi shinkafa a tafin hannu tana yi masa hira. Ta tofar da jan yawu, ta goge baki, ta miƙe a hankali ta haɗa hannuwa.

"Yaya ƙarama, ƙanwarki ta ji. Ranar sha biyar ga wata ƙofata a buɗe take." Sai ta juyo ta dubi ɓangarenmu, ta ɗaga murya yadda na bayan rumfa zai ji. "Shekara hamsin ina jiran wani daga Ben Dau ya nuna ya san ladabin waƙa. Wannan yarinya ba irinku ba ce. Irin wannan tarbiyya ta Go Sim ce. Tunda na ji ba ku san inda za ku ajiye ta ba, ku ba mu ita, mu muna so."

Kai, jama'a! Kamar an watsa wa kaji ruwan zafi. Wadda ta fara miƙewa Suu ce, kallabi a karkace.

"A ba ku wa? 'Yarmu ce! A bayan gidan Mui aka binne cibiyar ubanta, ina wurin!"

"Ba ku kuke ce mata 'yar Kudu ba?" in ji Tuat.

"Wa ya ce? Nuna mini bakin da ya ce! 'Yar Ben Dau ce gaba da baya. Ku da kuka saba kwashe fanka, yanzu har yara za ku fara kwasa?"

Mata suka yi caa, kowace tana kawo dangantakarta da Gam, har da wadda ta rantse ita ta fara gane muryar. Mai awara ta hau dandamali ta ɗago su biyun ta karkaɗe musu gwiwa. Tuat ta koma ta zauna ta ɗauko sabon tirau. Da idonmu ya haɗu ta ɗan ɗaga mini gira. Har yau ban sani ba ko don ta ƙona mana rai ta faɗi maganar, ko kuwa ta san abin da take yi. Na fi zaton duka biyun.

Tuta ta hau tudu, fanka ta bakwai ta bi ta. Mu muka shiga jirgin fito hannu wofi, amma Suu ce ta matsa wa Gam wuri a kusa da ita, ta lulluɓe ta da ledar ruwanta. Muna tsakiyar kogi Gam ta leƙo.

"Kaka, ita kakar taki a Go Sim take da zama?"

Mai fito ya yi tari. Khoat ya ce kunnensa bai ji ba, a maimaita.

Ranar sha biyar muka ƙetara da tire cike da tirau, ni da Khoat da yaran biyu. Zakaran nan ya riga mu gidan gaskiya, yana kwance a faranti ya yi rawaya, ga shinkafa mai danƙo, ga miyar kifi. Tuat ta zaunar da Gam a saman tabarma, wurin manyan baƙi. Da aka zuba miya ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin sukari ta dire a gaban yarinyar. Gam ta zuba cokali guda. Kien ya kalla, ya kalla, shi ma ya miƙa hannu, kakarsa ta buge hannun.

Bayan an ci an sha aka zo koyarwa. Na gyara zama. Tuat ta dube ni.

"Yaya Mui, ke ba ki roƙa ba. Yara ne suka roƙa."

"Haba Yaya, ƙanwarki ce fa."

"Na sani. Shi ya sa na tanadar miki wurinki."

Ta kama hannuna da ladabi, ta fita da ni ta ƙofa, ta zagaya da ni bayan shinge. Kujerar tana nan a gindin ayaba, da butar shayi a kai. Na ce a raina ba komai, ai kunnena ya saba da wurin. Ina zama na ji tana cewa, "To yara, kowa ya kama randarsa." Wuni guda ban ji komai ba sai kukan zuma a gora. Khoat kuwa yana ciki, an bar shi ya zauna wai kurma ne.

Da muka dawo gida na dafa wa Gam kunun wake mai zaƙi irin na Kudu, na zauna kusa da ita ina yi mata fifita.

"'Yar albarka, ɗan rera wa kakarki amsar nan mana. Layi ɗaya kawai."

Ta sha kununta ta lashe cokali. A waje yara suna ƙwala mata kira, Gam, Gam, fito mu je mashigi. Ta miƙe ta zura takalmi, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kaka, ki yi haƙuri ki jira mafarki. Wannan karon a ɗaure zakara."